Ƙidayar Jama'a da Na'ura a Nijeriya: Waiwaye daga Kabong da Abin da Ya Shafi Masu Nazarin Harshe

1.0 Gabatarwa

Ranar 29 ga Afrilu, 2023, saura kwana huɗu a fara ƙidayar jama'a da gidaje wadda aka shirya yi daga 3 zuwa 7 ga Mayu, sai Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar ɗage aikin, ta ce gwamnati mai kamawa ita za ta sa sabuwar rana. Ita ce ƙidayar da aka yi ta shelar cewa za ta zama ta farko a tarihin Nijeriya da za a yi da kwamfutar hannu maimakon takarda da fensir. Shekarar 2025 ta zo ta wuce ba a yi ta ba. Ke nan alƙaluman 2006 ake ta ɗora wa lissafi, a ce ga yawan mutanen jiha kaza ko ƙaramar hukuma kaza, alhali jaririn da aka haifa a makon waccan ƙidaya ya isa jefa ƙuri'a tun 2024.

Manufar wannan maƙala ita ce a bi tarihin ƙidaya a ƙasar nan ta fuskar kayan aikin da aka yi amfani da su a kowane zamani, don a auna hujjar da ake kai wa mahukunta idan ana neman su saki kuɗin sayen na'ura. Hujjar da aka fi ji ita ce na'ura za ta kashe maguɗi, ta kawo ƙarshen gardama. A ganina ita ce mafi rauni daga cikin hujjojin da ake da su, kuma tarihi bai goyi bayanta ba. Akwai wata da ta fi ta ƙarfi, wadda ta shafi masu nazarin harsunan Nijeriya kai tsaye. Zan ɗauki Kabong, unguwar da aiki ya zaunar da ni cikinta a Jos, a matsayin misali.

2.0 Ƙidaya a Inuwar Haraji

Turawan mulkin mallaka sun fara ƙidaya a Ikko a 1866, suka sake a 1871, daga nan kuma duk shekara goma. Ta 1921 ita ce ta farko bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914, ta kuma ba da adadin da ya haura miliyan 18. Sai dai kiran waɗannan ayyuka ƙidaya ma karamci ne. A mafi yawan lardunan Arewa, kayan aikin su ne littafin haraji na En'e da kiyasin Di'o. Mai unguwa ya faɗa wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, malamin hakimi ya rubuta, a ninka adadin magidanta masu biyan haraji da wani lissafi, a ce ga yawan mata da yara. Tun da kuwa talaka ya san duk wanda aka rubuta sunansa kuɗi zai biya, kamar yadda Bafillace ya san kowace saniya da aka ƙirga jangali ce, ɓoyewa ta zama dabara. A wancan zamani ragin mutane ake yi.

Kudu ma haka abin yake, har ya fi muni. A watan Nuwamba na 1929, a Oloko ta ƙasar Bende, wani ɗan aiken basarake ya shiga gidan wata mata mai suna Nwanyeruwa don ya ƙirga mutane da awaki da tumaki. Mata suka ɗauka shirin ɗora musu haraji ne, daga nan boren matan Aba ya tashi, aka harbe mata fiye da 50. Wannan, tare da karayar tattalin arzikin duniya da farin ɗango da suka addabi Arewa, ya sa ƙidayar 1931 ta koma kusan kacokan kan littafin haraji.

Duk da wannan rauni, akwai abin da waɗannan tsofaffin ƙidayoyi suka bar mana wanda na baya ba su bari ba. Rahoton ƙidayar 1921 na Arewa yana cikin littafin C.K. Meek mai juzu'i biyu kan al'ummomin Arewa (1925), na Kudu kuma cikin aikin P.A. Talbot (1926). Wato waɗanda aka ɗora wa alhakin ƙidayar masu nazarin al'adu ne, sun kuma ɗauki tambayar wane ne wannan, wane harshe yake yi, a matsayin ginshiƙin aikin. Dalilinsu na mulki ne, ba na ilimi tsantsa ba, amma mu ne muka ci gajiyar takardun.

3.0 Daga Ɓoyewa zuwa Ƙari

Ƙidayar 1952 zuwa 1953 ita ce ta farko da aka yi ƙoƙarin bin ƙasar gida-gida, ko da yake ba a rana ɗaya ba: Arewa a 1952, Gabas a 1953. An sami kimanin mutum miliyan 30.4, daga ciki miliyan 16.8 a Jihar Arewa. Da aka zo zaɓen 1959, Arewa ta sami kujeru 174 daga cikin 312 na Majalisar Wakilai. Daga ranar nan ma'anar ƙidaya ta juya. Ɗan siyasa ya gane cewa kai ɗaya ƙuri'a ce, kuma kaso ne na asibiti da makaranta da rijiya, sai ya shiga ƙauye yana roƙon mutanen da iyayensu suka ɓuya a rumbu su fito a rubuta su, in da hali ma a rubuta su sau biyu.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Ƙidayar Mayu 1962 ta nuna Gabas da Yamma sun ƙaru da kimanin kashi 70 cikin ɗari a shekara goma, abin da haihuwa kaɗai ba ta iya kawowa. Jami'in ƙidaya na tarayya, J.J. Warren, ya ce an cusa ƙari a alƙaluman wasu sassan Gabas. Aka sake tantancewa, sai adadin Arewa ya yi tsalle da miliyoyi. Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya soke aikin duka. Aka sake a Nuwamba 1963, aka sami miliyan 55.6, Arewa na da miliyan 29.8. Firimiyan Gabas, Michael Okpara, ya ƙi amincewa, gwamnatinsa ta je Kotun Ƙoli, kotu ta ce ba ta da hurumi. Wannan rikici yana cikin abubuwan da suka raunana Jamhuriya ta Farko.

A 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta nemi maganin maguɗi ta hanyar tsaro. Aka naɗa tsohon Alƙalin Alƙalai, Sir Adetokunbo Ademola, ya shugabanci hukumar, aka haɗa malaman ƙidaya da sojoji, aka shafa wa wanda aka ƙirga tawada a yatsa don kada a maimaita shi. Sakamakon wucin gadi ya ba da miliyan 79.76, jihohin Arewa shida suna da fiye da miliyan 51. Gardama ta tashi fiye da ta da, har Janar Murtala Muhammed ya soke sakamakon da ya hau mulki a 1975, aka koma kan alƙaluman 1963. Soja da tawada su ne sabuwar dabara ta wancan lokaci, kuma an sa musu rai kamar yadda ake sa wa kwamfuta yanzu.

A nan ne masu nazarin harshe ya kamata su tsaya. Ƙidayar 1963 ita ce ta ƙarshe da aka karɓa wadda ta tambayi mutum ƙabilarsa. Ta ba Hausawa kimanin miliyan 11.6, Yarabawa miliyan 11.3, Ibo miliyan 9.2, Fulani miliyan 4.8. Ko ita ɗin ma ƙabila ta ƙirga, ba harshe ba, kuma mun san Fulanin gida da yawa da aka rubuta a Kano da Katsina da Sakkwato Hausa ce kaɗai a bakinsu. Amma duk wanda ya buɗe jerin harsunan Nijeriya na Hansford da Bendor-Samuel da Stanford (1976), mai harsuna 394, ko sabuntawar Crozier da Blench (1992), zai ga cewa adadin masu magana da ƙananan harsuna da dama daga takardun 1952 da 1963 aka ɗauko shi, sauran kuma kiyasin masu bincike ne. Mukan rubuta a gabatarwar kundayenmu cewa harshe kaza yana da masu magana dubu kaza, ɗalibi ya kwafa daga malami, malami ya kwafa daga littafin da ya girme shi.

4.0 Shigowar Na'ura

Ba sabon abu ba ne a duniya ƙidaya ta ja na'ura. A Amurka an shafe kusan shekara takwas ana harhaɗa sakamakon ƙidayar 1880 da hannu, wannan ya sa aka karɓi injin Herman Hollerith mai karanta kati mai huji a ƙidayar 1890. Kamfaninsa na cikin waɗanda suka haɗu suka zama IBM. Haka kuma ofishin ƙidaya na Amurka shi ne ya fara karɓar kwamfutar UNIVAC a 1951. Abin lura shi ne matsalar da injin ya warware musu ta yawan lissafi ce. Tamu matsalar ta amana ce.

Ƙidayar Nuwamba 1991, ƙarƙashin Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa da Alhaji Shehu Musa, Makaman Nupe, ya shugabanta, ta zo da tsari mai kyau: an shata ƙasar zuwa ƙananan yankunan ƙidaya da taswira, an hana zirga-zirga a kwanakin aikin, an yi binciken bin sawu daga baya don auna waɗanda aka tsallake. An sami miliyan 88.9, ƙasa ƙwarai da fiye da miliyan 100 da ake ta kiyasi a lokacin. Amma babbar dabarar da aka yi don kwantar da ƙura ita ce cire tambayar addini da ta ƙabila daga takardar. Ina yaro a lokacin, a garinmu, abin da na riƙe shi ne lambar da aka rubuta da alli a ƙofar zaurenmu, da kuma yadda malamin ƙidaya ya yi ta fama da wata gwaggona a kan sunan ɗanta na fari. Ta lissafa masa sauran 'ya'yanta tiryan-tiryan, da aka zo kan babban sai ta sunkuyar da kai ta yi shiru, sai da kishiyarta ta faɗa. Da baƙo ne wanda bai san alkunyar ɗan fari ba, da an bar mutum guda a waje, kuma babu injin da zai gano.

A Maris 2006, lokacin shugabancin Samu'ila Danko Makama, wanda ɗan Jihar Filato ne, aka ƙara matsawa gaba. An yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam wajen shata yankuna a wasu wurare, aka buga takardun da inji ke iya karantawa, Tarayyar Turai ta ba da gudummawa mai tsoka. Sakamakon ƙarshe, wanda aka buga a 2009, ya ba da mutum 140,431,790. Jihar Kano ta sami miliyan 9.4, Jihar Legas miliyan 9.1, Filato miliyan 3.2. Gwamnatin Legas ta ce nata lissafin ya ba ta fiye da miliyan 17, aka tafi kotunan ƙidaya. A 2013 wani shugaban hukumar, Festus Odimegwu, ya bar kujerarsa bayan ya fito fili ya soki ingancin ƙidayoyin da suka gabata. Inji ya karanta takardu da sauri, amma abin da hannu ya rubuta shi ya karanta.

Dalilin da ya sa gardamar ba ta mutuwa yana cikin doka. Yawan jama'a yana da kashi 30 cikin ɗari a ma'aunin raba kuɗin tarayya tsakanin jihohi, kuma da shi ake shata mazaɓu 360 na Majalisar Wakilai. Tsarin Mulkin 1999, sashe na 213, ya ce Majalisar Ƙoli ta Ƙasa, wadda gwamnoni duka ke cikinta, ita ke ba Shugaban Ƙasa shawarar ya karɓi rahoton ƙidaya ko ya ƙi. Wato waɗanda rabonsu zai ƙaru ko ya ragu su ne alƙalan aikin. Kwamfutar hannu ba ta taɓa wannan sashe ba.

Shirin 2023 kuwa an kai shi nesa. Hukumar, ƙarƙashin Nasir Isa Kwarra, ta shata yankunan ƙidaya da na'ura a kusan dukkan ƙananan hukumomi 774, ta yi ƙidayar gwaji a Yuli 2022, ta sayi kwamfutocin hannu masu ɗimbin yawa. A Maris 2023 aka tara jakadu da ƙungiyoyin agaji da manyan 'yan kasuwa a Abuja, Ƙaramin Ministan Kasafi da Tsare-tsare, Clem Agba, ya bayyana cewa aikin duka zai ci Naira biliyan 869, aka nemi su taimaka ta wani asusu da Hukumar Kula da Yawan Jama'a ta Majalisar Ɗinkin Duniya za ta riƙe. Bayan ɗagewar, hukumar ta ce an riga an kashe kimanin biliyan 200. A Afrilu 2025 Shugaba Bola Tinubu ya kafa kwamiti ƙarƙashin Ministan Kasafi, Abubakar Atiku Bagudu, ya sake duba kuɗin da tsarin. Na'ura dai ba hatsi ba ce da za a zuba a rumbu a jira. Batirinta na mutuwa a ajiye, taswirar da aka zana a 2021 kuma tana tsufa duk ranar da aka aza sabon tubali a bayan gari.

Maƙwabtanmu na Afirka sun nuna fuska biyu na lamarin. Kenya ta yi ƙidaya da kwamfutar hannu a Agusta 2019, waɗanda aka harhaɗa a jami'o'inta biyu, ta fitar da adadin miliyan 47.6 a farkon Nuwamba na shekarar. Gana ta bi sahu a 2021, ta sami miliyan 30.8. Amma Afirka ta Kudu, wadda ta fi su kuɗi da ƙwararru, ta yi tata da na'ura a 2022, binciken bin sawu ya nuna an tsallake kimanin kashi 31 cikin ɗari na mutane. Na'ura tana kawo sauri, tana nuna inda malamin ƙidaya ya tsaya da lokacin da ya shiga gida, tana ƙin karɓar uwa mai shekara goma da ɗa mai shekara ashirin. Ba ta buɗe ƙofar da mai gida ya rufe.

5.0 Kabong

Kabong tana cikin Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, wajen Gada Biyu, inda hanyar Rukuba ta tashi. Gidaje sun hau kan duwatsu sun sauka, lunguna sun ratsa tsakanin manyan fale-falen dutse, ta yadda taswirar takarda ba ta da amfani sosai ga wanda bai san wurin ba. A irin wannan wuri amfanin hoton tauraron ɗan'adam a bayyane yake, domin kowane rufi yana fitowa da lambarsa.

Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da kunne ke ji. Jos gari ne da kuza ta tara. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin haƙar ma'adinai suka jawo leburori da 'yan kasuwa daga ko'ina, jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, daga Gabas a 1927, sannan a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka yi diban gwamna, aka kwaso dubban mutane daga lardunan Arewa aka tilasta musu aikin kuza. Waɗannan suka tarar da Berom da Anaguta da Afizere, ga Irigwe da Bache a yamma, daga baya kuma mutanen kudancin Filato suka hauro neman aiki da karatu. A gidan hayar da nake, da safe nakan ji uwa tana yi wa yaro faɗa da Ngas, yaron ya amsa da Hausa, ya juya ya yi wa abokinsa magana da Turancin buroka, ya tafi makaranta inda za a koya masa da Ingilishi. Maƙwabcina Berom ne, matarsa Mwaghavul, Hausa suke yi a tsakaninsu, da ita suke cefane, da ita ake wa'azi a majami'arsu. 'Ya'yansu suna jin gaisuwa da harshen uba, ba sa iya mayar da zance.

Wannan shi ne sauyin harshe da muke ta rubutu a kansa, wasu suna kiransa bunƙasar Hausa, wasu suna kiransa mutuwar ƙananan harsuna. Ni Bahaushe ne mai koyar da Hausa, amma ba zan iya gaya wa kowa mutum nawa ne a Kabong Hausa ta zama harshensu na farko ba tare da sun zama Hausawa ba, ko yara nawa ne suka rage masu iya Iguta, harshen Anaguta. Ƙidayar 1991 da ta 2006 ba su bar mana adadin masu magana da harshe ko ɗaya ba. A kan wannan duhu aka gina manufofi. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a muhallinsa. A Nuwamba 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a yi shekara shida ta firamare da harshen uwa. A Nuwamba 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya bayyana soke wannan, aka koma Ingilishi. An kafa, an rushe, babu wanda ya riƙe takardar da ke nuna wane harshe yaran aji ɗaya na wata firamare a Kabong suke zuwa da shi daga gida.

A zamanin takarda akwai uzuri na gaskiya. Harsunan ƙasar nan sun haura 500 bisa lissafin baya-bayan nan, ba su shiga shafi ɗaya, kuma in aka bar malamin ƙidaya ya rubuta da hannu, warware rubutun zai ci shekaru. Kwamfutar hannu ta kawar da wannan uzuri. Tana iya ɗaukar jerin duka, ta fara nuna harsunan da aka fi samu a yankin da take, ta karɓi amsa fiye da ɗaya, ta haɗa sunaye daban-daban na harshe guda ƙarƙashin lamba ɗaya.

Wannan na ƙarshe aikinmu ne, ba na injiniya ba. Sunayen da ke cikin tsofaffin takardu yawancinsu ta bakin tafinta Bahaushe suka isa kunnen Bature, kuma masu su sun daɗe da ƙin su. An rubuta Angas maimakon Ngas, Sura maimakon Mwaghavul, Yergam maimakon Tarok, Ankwai maimakon Goemai, Rukuba maimakon Bache. A kudancin Kaduna an rubuta Kaje da Katab maimakon Bajju da Atyap. Sunan Jarawa ya fi su rikitarwa, domin ya rufe Afizere na Jos, masu harshen Izere, ya kuma rufe wasu al'ummomin ƙasar Bauci waɗanda harsunansu na wani reshe ne daban. Dattijo zai iya ba da tsohon suna, jikansa ya ba da sabo, na'urar da ba a koya mata ba ta ƙirga harsuna biyu a ɗaki guda. Indiya ta sha wannan: a ƙidayarta ta 2011 mutane sun ba da sunayen harshen uwa 19,569, sai da masana suka tace su zuwa 1,369, sannan aka tattara su cikin harsuna 121 masu mutum dubu goma ko fiye.

Ita kanta tambayar sai an zauna a kanta. A Hausar Jos, in ka ce wa mutum wane yare gare shi, ƙabilarsa zai faɗa maka ko da bai iya harhaɗa jimla ɗaya da harshen ba. In ka ce wane harshe yake ji, zai lissafa huɗu. Kalmar gida ma haka: gidan haya mai ɗaki goma sha biyu gida ɗaya ne a bakin mutane, amma a ma'aunin ƙidaya iyali goma sha biyu ne, tun da kowa da tukunyarsa. Shekarun haihuwa kuwa, tsofaffi da abin da ya faru suke riƙe su, zuwan Sarauniya a 1956, ko canjin hannu a 1972, ko canjin kuɗi a 1973, kuma kowane yanki da nasa abin tunawa. In ba a fassara waɗannan an daidaita su an zuba cikin na'urar ba, kowane malamin ƙidaya zai yi tasa fassarar a bakin ƙofa, a sami tambaya dubu a maimakon ɗaya.

6.0 Tsoron da Ke Tattare da Tambayar

Ba zan ɓoye ba, a Jos wannan magana tana da kaifi. An ƙirƙiri Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa a 1991, shekarar ƙidaya, kuma tun daga lokacin gardamar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo, ba ta kwanta ba. An zubar da jini a 1994 da 2001 da 2008 da 2010, unguwanni suka rabu. Duk wani adadi da za a iya karantawa a matsayin su wa suka fi yawa, makami ne a hannun wani. Hukumar ƙidaya ta sake barin addini da ƙabila a waje a shirin 2023, kuma na fahimci dalilinta. Beljiyam ma ta daina tambayar harshe bayan ƙidayar 1947, ta hana da doka a 1961, saboda sakamakon yana matsar da iyaka tsakanin masu Faransanci da masu Holanci.

Sai dai a Beljiyam doka ce ta ɗaure adadin masu harshe da ikon mulkin gari. A Nijeriya babu kobo ɗaya na rabon tarayya ko kujera ɗaya ta majalisa da aka rataya a kan harshe. Daɗin daɗawa, hukumar nan tamu ta saba tambayar ƙabila a binciken lafiya da yawan jama'a da take gudanarwa. Na 2018 ya shiga gidaje kimanin dubu 40 da kwamfutar hannu, da tambayoyi cikin Hausa da Yarabanci da Ibo, ba a ji hayaniya ba, domin babu rabo a bayansa. Illarsa kawai ita ce samfuri ne, harshe mai mutum dubu uku ba ya faɗawa cikin irin wannan koma. A Jamhuriyar Nijar ƙidayar 2001 ta nuna Hausawa kimanin kashi 55 cikin ɗari, ƙasar ba ta tsage ba. Afirka ta Kudu, da duk tarihinta na wariya, tana tambayar harshen da aka fi yi a gida.

Kuma in aka tsara tambayar kashi biyu, harshen da ake yi a gida da harshen da ake hulɗa da shi a waje, sakamakon a wuri irin Kabong zai rikita masu son ƙirga ɓangare. Hausa za ta fito a bakin Berom da Ngas da Ibo da Yarabawa, Kirista da Musulmi, ta yadda ba mai iya ɗaukar adadin ya ce ga mutanena. Ana kuma iya jinkirta fitar da alƙaluman harshe har sai an gama da na rabon kuɗi, a kuma ƙayyade ƙanƙantar yankin da za a bayyana.

Wannan ita ce hujjar da nake ganin ya dace a kai gaban minista da 'yan kwamitin kasafi. Wanda aka ce wa ya ba da ɗaruruwan biliyoyi don a sami adadi guda da abokan hamayyarsa za su ƙaryata washegari, yana da dalilin jan ƙafa. Wanda aka nuna wa cewa kuɗin nan zai ba kwamishinan ilimi na Filato taswirar da ke faɗa masa inda zai tura malamin da ya iya Tarok da inda littafin Hausa zai wadatar, ya ba jami'in rigakafi harshen da zai yi shela da shi a kowace unguwa, ya ga abin da zai saya. Ƙarin tambaya biyu a na'urar da aka riga aka saya bai kai komai ba a cikin biliyan 869. Abin da ba a saya ba shi ne jerin sunayen harsuna da aka tantance jiha-jiha, da fassarar tambayoyi da aka gwada a bakin mutane. Ƙungiyar Nazarin Harsuna ta Nijeriya, da Cibiyar Harsunan Nijeriya ta Ƙasa da ke Aba, da sassan harsuna na jami'o'inmu, suna da mutanen da za su iya wannan aiki, kuma tun da ba a sa ranar ƙidaya ba, takardar tambayoyin ba ta rufu ba tukuna. Na Jihar Filato kaɗai, in aka raba wa ɗaliban digiri na biyu ƙananan hukumomi 17, aikin hutun zango ɗaya ne.